RA'AYI: Wayoyi 36 ke riƙe da ran mai babur a hanyar Arlit, mu daina yi wa mai saita su gaggawa

Duk wanda ya taɓa kai babur gareji don a yi masa babban gyara ya san yadda lissafin yake tafiya. Inji ne ke cinye kuɗin: fistin, ringi, kuloci, sarƙa, baƙin mai. Mai babur zai tsaya a kan bakanike tun safe har la'asar yana sauraren kukan inji, ya sa a ƙara wuta, a rage, a kashe a sake tayarwa. Amma da an zo kan ƙafar da aka sauya wa rim, ko aka kwance tsofaffin wayoyinta aka sa sababbi, sai haƙurin kowa ya ƙare. A miƙa wa yaron shago, ya zura wayoyin, ya ɗaɗɗaure su iya ƙarfin hannunsa, a mayar da taya, a buga iska, a juya ƙafar sau ɗaya a ce ta yi. Cikin rabin awa babur ya hau titi.

Ni a ganina wannan rabin awar ce mafi haɗari a gyaran gaba ɗaya. Kuma laifin ya fi rataya a wuyanmu masu babura fiye da bakanikai, domin mun saba mu biya kuɗin kaya, mu ƙi biyan kuɗin lokaci. A cikin birni, ƙafar da ba a saita ba tana jawo cin taya da ɓata yini guda. A arewacin Nijar kuwa, tsakanin Agadez, Tchirozerine da Arlit, tana iya jawo asarar rai.

Ƙasar da babur ya gaji jaki da raƙumi

Tchirozerine, wadda mutanen yankin ke taƙaitawa su ce Tchiro, tana arewa da Agadez, a gefen duwatsun Abzin. Kusa da ita, a Anou Araren, kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 ke haƙo kwal, kuma tun 1981 tashar wutarsa ke ba wuraren haƙar yuraniyom lantarki, tare da manyan garuruwan jihar. Arlit na da nisan kilomita kusan 240 daga Agadez. A can SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ya biyo baya a 1978. Saboda manyan motocin waɗannan kamfanoni aka shimfiɗa titin Tawa zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970, wanda har yau ake kira hanyar yuraniyom. Shekaru da nauyin kaya sun cinye kwaltar a wurare masu tsawo, har direbobi kan bar titin su bi gefensa.

Da COMINAK ya rufe a ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kusan 600 ne suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan masu aiki a ƙarƙashin 'yan kwangila. Matashin da ya taso yana jiran ranar da zai sa hular kamfani dole ya nemi wata hanyar. Wani ya koma kabu-kabu a cikin gari. Wani ya bi sahun zinariyar da aka fara rububinta a 2014 a Djado da Tchibarakaten, ta kuma ɓulla a cikin duwatsun Abzin. Wani yana kai ruwa, mai da abinci ga masu haƙa. Ga masu lambuna a Timia da Tabelot, ga makiyaya da ke zuwa kasuwa, ga malamin makaranta da ma'aikacin lafiya da aka tura ƙauye. Kusan dukkansu a kan babur suke, wanda a Nijar aka fi kira moto, kuma galibi ƙanana ne masu inji 100 zuwa 150, irin waɗanda ke cike a Maraɗi, Damagaram, Katsina da Sakkwato.

Bambancin yana ƙarƙashin taya. Akwai hanya mai gargada wadda ta yi layi-layi kamar kwanon rufi, tana girgiza babur ba hutu. Akwai baƙaƙen duwatsu masu kaifi. Akwai yashin ƙorama mai riƙe ƙafar gaba. Ga zafin bazara da ke wuce maki 40. Sannan ga kaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarkoki huɗu masu lita 25 kilo 100 ke nan, tun kafin matuƙi ya hau, tun kafin a ɗora buhu ko fasinja. Wannan nauyin duka yana sauka ne a kan wayoyin da ba su kai alƙalami kauri ba. Idan suka gaza a inda babu rijiya, babu inuwa, babu sabis ɗin salula, maganar ta wuce ta gyara.

Yadda siririyar waya ke ɗaukar buhu

Mutane da yawa suna ɗauka wayoyin nan, waɗanda bakanikan Nijar ke kira rayon, suna tokare rim ne kamar ginshiƙin rumfa. Ka ɗauki guda ɗaya ka danna ta a ƙasa, nan take za ta lanƙwashe. Ƙarfinta a ja yake. A yawancin ƙananan babura wayoyi 36 ne, 18 daga gefen dama na cibiyar ƙafa, 18 daga hagu, kowacce tana jan rim zuwa tsakiya. Daidaiton wannan ja shi ke sa rim ya tsaya a da'ira, ya kuma tsaya a tsakiya. Wanda ya san kalangu ya san wannan: igiyoyin da ke tsakanin fatun biyu su ke riƙe da shi, idan na gefe ɗaya suka saki, murya ta lalace.

Da an ɗora nauyi, wayoyin da suke ƙasa a wannan lokacin suna ɗan rage ƙarfin jansu. Ƙafa na juyawa, su koma yadda suke, na bayansu su karɓa. Ƙafa mai inci 17 tana juyawa fiye da sau 500 a kowace kilomita. Ke nan daga Agadez zuwa Arlit kowace waya za ta saki ta sake ɗamewa fiye da sau 120,000, ban da dukan ramuka. Wayar da aka ɗaure yadda ya kamata tana jure wannan shekara da shekaru, saboda ko ta rage ja ba ta taɓa sakin jiki gaba ɗaya. Wadda aka bari sako-sako kuwa takan saki sarai, sannan ta fizgu. Ɗan notin da ke kanta a jikin rim ya fara kwancewa da kansa. Wuyanta, inda ta lanƙwasa ta shiga cibiya, ya riƙa motsi gaba da baya kamar wayar da yaro ke lanƙwasawa don ya karya. Shi ya sa idan ka duba karyayyun wayoyi a gareji, mafi yawa a wuya suka karye.

Idan ɗaya ta tafi, maƙwabtanta su ɗauki nauyinta, su ma su gaji da wuri. Rim ya fara karkata, taya ta fara ci gefe ɗaya, kan babur ya fara rawa a hannu. Ramukan cibiya su buɗe, abin da sababbin wayoyi ba za su gyara ba sai an sayi wata cibiyar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗaurewa fiye da kima ma ɓarna ce: tana cinye zaren noti, ta tsaga bakin ramin rim, ta ja rim ɗin gefe. Littattafan gyara na kamfanonin babura suna ba notin waya ƙarfin ɗauri ɗan kaɗan, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na babban notin sandar ƙafa ba. Aikin ya fi buƙatar kunne da ido a kan ƙarfin damtse.

Akwai kuma dalilin da ya sa wayoyin ke gicciye da juna maimakon su miƙe daga tsakiya. Wani maƙerin kekuna a Coventry ta Ingila, James Starley, shi ya fito da wannan tsarin a 1874, don wayoyin su iya ɗaukar ƙarfin murɗawa. A babur, inji na murɗa cibiya gaba, birki na murɗa ta baya. Wannan ne ya sa ƙafar baya, mai ɗauke da sarƙa da yawancin kaya, ta fi ta gaba cin wayoyi.

Abin da ake nufi da saiti

Aikin ƙwarai yana farawa tun kafin a kwance tsohuwar ƙafar. Bakanike mai hankali zai ɗauki hotonta da salula ta gefe biyu, don ya ga yadda wayoyin suka gicciye. Zai ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan cibiya ya auna tazarar da ke tsakaninsa da bakin rim, ya rubuta. Wannan awon ne zai nuna masa inda rim zai zauna daga baya. Idan aka rasa shi, ana iya samun ƙafa mai juyawa sumul amma ba ta bin layin ɗaya ƙafar, babur ya riƙa ja gefe, mai shi yana zargin wani abu dabam. Zai duba boris, domin ƙafar da boris ɗinta ya mutu ba ta saituwa. Zai duba rim ɗin kansa. Wanda dutse ya loɓa sosai, ko ya tsage, ko tsatsa ta cinye ramukansa, wayoyi ba za su miƙar da shi ba, sai dai a canza.

Sannan ya ware wayoyin, saboda a yawancin ƙafafu kashi biyu ne, na ciki da na waje, kuma lanƙwasar wuyansu ba ɗaya ba ce. A wasu babura ma tsawon na dama da na hagu ya bambanta. Ya ɗiga mai a zaren kowacce. Ya zura su duka, ya ɗaura notocin da yatsa kawai, har zaren da ya rage a waje ya zama daidai a kowace waya. Daga nan sai a ɗora ƙafar, ba tare da taya ba, a kan abin da zai riƙe sandarta ta juya a sake. A kafa wani ɗan ƙarfe ko alli kusa da bakin rim ya zama ma'auni.

Tsalle ake fara cirewa, wato hawa da saukar rim. Inda rim ya yi tudu, a ƙara ɗaure wayoyin wurin na dama da na hagu daidai wa daida, bayan an ɗan sassauta na inda ya yi kwari. Idan da'ira ta samu, sai a koma kan lilo, wato kaɗawar rim dama da hagu. Inda ya karkata dama, a sassauta na dama a ɗaure na hagu, kuma ba waya ɗaya ake taɓawa ba, uku ko huɗu ne a jere, ta tsakiya ta fi samun juyi. Kwata-kwatan juyi ake yi, wani lokaci ƙasa da haka. Duk gyaran da aka yi wa lilo yana ɗan taɓa tsalle, don haka sai an koma an sake dubawa, a sake komawa. Akwai ɗan tudu a inda aka yi wa rim walda a masana'anta, wanda gwani ya san ba a binsa.

Bayan haka ne ake kai ɗaurin matsayinsa na ƙarshe, a hankali, zagaye bayan zagaye. Ana farawa daga ramin bawul don kada a manta inda aka tsaya, ana tsallake waya biyu ana taɓa ta uku, har a zagaye kowacce. A matse wayoyin bibbiyu da hannu don su zauna a mazauninsu, a sake auna. Iyakar da littattafan gyara da yawa suka yarda da ita milimita 2 ce, ko a tsalle ko a lilo, kuma wannan iyakar tsohuwar ƙafa ce. Sabon ɗauri ya kamata ya sauka ƙasa da milimita 1.

Sai gwajin kunne. A bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da sifana. Mai ɗauri tana ba da ƙara mai zaƙi, mai sako-sako tana amsawa a dakushe kamar fasasshen kwano. Ana kwatanta na gefe ɗaya da 'yan uwansu na wannan gefen. A jihar da ta haifi Bombino, ɗan Tidene, inda yara ke saita jita da kunne tun ba su kai shekara goma sha biyar ba, ba za a ce an rasa mai jin wannan bambancin ba.

Saura abu biyu da gaggawa ta fi cinyewa. Na farko, a duba cikin rim, duk wayar da kanta ya leƙo sama da noti a goge shi da magagari, a shimfiɗa robar da ke rufe notocin. Tub da yawa da ake cewa ƙaya ko ƙusa ce ta huda su, daga ciki aka soke su. Na biyu, sababbin wayoyi suna zaunawa su ɗan saki bayan tafiyar farko, don haka dole babur ya dawo cikin makon farko a sake bi ta kansu. Duk wannan ba ya yiwuwa cikin rabin awa. Ko gwani yana buƙatar awa ɗaya zuwa biyu a kan ƙafa guda, a zaune, ba mai tsaye a kansa.

Dalilan da muke ba kanmu

Ka saurari cinikin da ake yi a bakin gareji. Mai babur zai ce, "Maigida, nawa ne wayoyin?" A faɗa masa, ya biya ba musu, tunda abu ne da yake gani a leda. Da an ce ga kuɗin aiki, sai ya ce, "Haba maigida, ɗaurewa ce fa kawai." Bakaniken da ya san za a ba shi kuɗin shayi a kan aikin awa biyu, alhali ga inji uku suna jiransa, me zai yi in ba ya tura wa yaro ba? Yaron kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa bambancin tsalle da lilo. Abin da ya gani shi yake yi, shi ma haka zai koya wa nasa yaran. Da haka sana'a ke mutuwa a cikin gareji, ana tsaka da aiki.

Wani zai ce ya shekara goma yana hawa ba a taɓa saita masa ƙafa ba, kuma ga shi da ransa. Gaskiya ne, ƙafar da ta fito daga masana'anta da ɗauri mai kyau tana iya daɗewa. Maganar da nake yi ta ƙafar da aka kwance ce aka sake ɗaurawa, wadda ingancinta ya koma hannun mutum ɗaya. Kuma waɗanda abin ya ritsa da su ba sa cikin masu ba da labari a majalisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma Afirka ce ta fi yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. A wajenmu idan babur ya faɗi, akan ce gudu ne, ko taya ce ta fashe, ko kai ne ya ƙwace. Ba a cika tambayar abin da ya fasa tayar ko ya sa kan ya ƙwace ba.

Wani zai ce kwana ne, idan ya ƙare ya ƙare. Ba mai jayayya da wannan. Amma wanda ke faɗin haka ba ya fita daji ba tare da ya cika tanki ya ɗauki ruwa ba. Hausawa sun ce Allah Ya ce tashi in taimake ka. Duba ƙafa ɗaya yake da cika jarka.

Wani kuma zai ce a huta da wahala, a sayi babur mai ƙafar zubi ta alminiyom, wadda ba ta da wayoyi. A titin Yamai ko Kano shawara ce mai kyau: ba ta buƙatar saiti, kuma takan ɗauki taya marar tub. Amma a kan dutse halinta dabam ne. Ƙafa mai wayoyi tana shanye duka, idan ya yi yawa ta loɓa, a lallaɓa a kai gari a gyara. Ta zubi tana tsagewa, kuma tsagaggiyar ƙafa ba ta da magani a daji. Waɗanda suka fi kowa kuɗin zaɓe sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan, kuma a ƙasarmu suka koya. Tseren Paris zuwa Dakar na farko ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratsa Arlit da Agadez, Cyril Neveu ya ci shi a kan Yamaha XT500 mai ƙafafun wayoyi. A 1983 kamfanin Yamaha ya sa wa wani babur ɗinsa sunan hamadarmu, Ténéré, kuma har yau wanda ke ɗauke da wannan suna da wayoyi yake fitowa, inci 21 a gaba, 18 a baya. A irin waɗannan tseren, duba wayoyi na cikin aikin da bakanikai ke yi kowane dare. Baƙon da zai ratsa hanyar sau ɗaya yana ba ta wannan girman, mu da muke binta kullum da buhu da jarkoki mun fi shi buƙata.

Abin da za mu iya yi

Da farko, a raba kuɗin saiti da kuɗin kaya. Bakanike ya faɗi farashinsa a fili, ya haɗa da dawowar mako guda, ya kuma ce a bar masa ƙafar a dawo anjima. Mai babur ya biya ba tare da ƙorafi ba, amma ya nemi a juya masa ƙafar a gaban ma'auni kafin a mayar da taya. Wanda ya biya yana da haƙƙin gani da idonsa. Idan masu kabu-kabu na tasha ɗaya suka amince da gareji ɗaya mai yin aikin yadda ya dace, sauran garejin za su koya ba tare da an yi musu wa'azi ba.

Na biyu, ku 'yan uwa da ke Aljeriya, Libiya, Saudiyya, Faransa da sauran wurare, ku ne kuke sayen babura da yawa da ke yawo a garuruwanmu. Ka yi wata da watanni kana tara kuɗi, ka aiko wa ƙaninka don ya samu abin yi, ya riƙe gida. Idan ya kira ya ce, "Yaya, moto na son gyara," kada tambayarka ta tsaya a kan inji. Ka tambaye shi wa ya ɗaura ƙafar, awa nawa ya yi a kanta, ko an ce ya dawo. Ka ce ya ɗauki bidiyon ƙafar tana juyawa ya turo maka ta WhatsApp. Idan za ka aiko da tsaraba, ƙaramar sifanar wayoyi mai daidai da notocin babur ɗinsa ta fi masa sabuwar riga amfani, domin filaya da ake kama notin da ita tana cinye kusurwoyinsa har ya daina juyuwa. Kuma ka ja masa kunne a kan kaya. Babur ɗin da aka ɗora wa nauyin mota zai karya wayoyi ko da wa ya saita shi.

Na uku, matasan da ke neman sana'a su dubi wannan gurbin. Jarinsa kaɗan ne: sifanar wayoyi, magagari, ma'auni, da abin ɗora ƙafa wanda mai walda zai haɗa da tsohon ƙarfe. A Arlit dai a kula da asalin ƙarfen, tunda binciken CRIIRAD a 2003 da na Greenpeace a 2009 sun gano tsofaffin ƙarafan ma'adinai masu ɗauke da gubar yuraniyom a kasuwa. Ba ya buƙatar lantarki, ba ya buƙatar babban shago. Abin da yake buƙata zama ne da haƙuri, kuma wanda ya ƙware a kai zai yi wa babura, kekuna da kekunan guragu aiki. A gari kamar Tchiro, inda kowa ya san kowa, wata uku sun isa sunan mai aiki mai kyau ya kai Arlit.

Na huɗu, hukumomi. Nijar na da cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, tana da asusun FAFPA mai tallafa wa horon sana'o'i, Agadez na da makarantar ma'adinai ta EMAIR. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga yankunan da ake haƙa, kuma tun Yunin 2025 gwamnati ta sanar da mayar da SOMAIR hannun ƙasa. A cikin wannan lissafin na biliyoyi, horon mako guda ga yaran gareji na Tchirozerine, Arlit da Akokan a kan ƙafa da birki ba zai ko bayyana ba. Masu koyarwar ma suna nan, tsofaffin bakanikan kamfanoni da suka yi shekaru suna aiki da ma'auni, yanzu suna zaune a gida.

Na ƙarshe yana hannun matuƙi. Kafin doguwar tafiya, ka ɗaga babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, ka juya kowace ƙafa ka kalle ta, ka bi wayoyin da sifana kana saurare. Minti biyu ne. Idan ka ji ɗaya ta dakushe, ka ɗan ɗaure ta har ta yi kusa da 'yan uwanta. Idan sun yi yawa, ka fasa tafiyar ka nufi gareji. Ka riƙa tafiya da wayoyi uku ko huɗu na ajiya. Idan ɗaya ta karye a hanya, ka naɗe ta a jikin ta kusa da ita don kada ta shiga sarƙa ko birki, ka rage gudu, ka rage kaya idan da hali, kuma kada ka ce sai wani makon.

Gyaran titin Agadez zuwa Arlit ba ya hannun mai kabu-kabu, farashin mai ma haka. Amma awa biyu a gareji da ɗan ƙarin kuɗin aiki suna hannunsa. A ba bakanike lokacinsa, a biya shi haƙƙinsa, a kuma tambaye shi idan bai yi ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya mayar da kowa gida lafiya.